Kailani da Tagar Saman Mota

Duk wanda ya taɓa sayen katifa ko ƙofar ƙarfe ko buhunan dusa a Tudun Wadan Zariya, ya tsaya bakin titi yana tunanin yadda zai kai su gida, da wuya a ce bai san Malam Kailani ba. Direban a-kori-kura ne, gajere, kakkaura, ya haura shekara sittin, kuma ba shi da yawan magana. A gindin wani dogon-yaro kusa da kasuwa yake ajiye mota, ya zauna a benci yana jiran wanda Allah zai kawo. Abin da aka fi saninsa da shi rashin gudu. Mai sauri ba ya nemansa. Amma mai ƙwai, da mai madubi, da wanda ya sayi sabon firiji, shi suke jira, ko da an ce musu ya tafi Hanwa sai bayan azahar zai dawo.

Yana ƙarami mahaifiyarsu ta rasu. Yayarsa Hajo ce ta ɗauke shi, ta tafi da shi gidan aurenta a Gyallesu, ta raine shi tare da 'ya'yanta. Ita ta kai shi koyon ɗinki, ya ƙi zama. Ta kai shi wurin kafinta, nan ma bai zauna ba. Sai ta kama hannunsa ta damƙa wa wani maƙwabcinsu direban babbar mota, ta ce idan ya gudo a wannan karon kada ya biyo ta ƙofar gidanta. Bai gudo ba. Ya yi shekaru yana yaron mota tsakanin Zariya da Funtuwa da Gusau, ya koyi tuƙi, ya dawo gida ya samu tsohuwar fijo mai buɗaɗɗen baya ya fara dakon kaya. Hajo ce ta shige gaba wajen neman auren matarsa Ishatu, ita ce kuma ta zaɓi sunan ɗansa na fari, Adnan, ba tare da ta tambayi kowa ba.

Atamfa Hajo take sayarwa a cikin gida, kuma mace ce mai baki. Idan ta fara bayanin zani, mai saye yakan biya don ya samu ya tafi. 'Yan'uwa suna cewa maganar da aka raba wa gidansu ita ta kwashe duka, shi ya sa Kailani ya tashi da "to" da "madalla" kawai. Shi bai taɓa musa wannan ba.

Fijon ta yi masa aiki shekara da shekaru. Ranar da ta gama, tana ɗauke da itace ne a Tudun Jukun. Ta faɗa wani rami ta karye a tsakiya, gaba ya kalli sama, baya ma ya kalli sama. Makanike ya zo ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce wa Kailani ya yi haƙuri. Kailani ya sauke itacen, ya ciro carbinsa daga jikin madubi, ya tafi gida da ƙafa.

Adnan yana Fatakwal yana aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da ya ji labari sai ya haɗa abin da ya haɗa, ya aiko wa mahaifinsa wata a-kori-kura ta hannu, fara, mai ƙofa huɗu, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Motar cike take da maɓallai. Kailani ya koyi waɗanda yake bukata, ya bar sauran inda ya same su. Sai da ya kwana biyu da ita, yana goge ƙura a ciki, ya ture wani murfi a saman kansa, ya ga gilashi, ya ga ganyen dogon-yaro ta cikin gilashin. Ya kira Adnan.

"Na ga sun huda saman motar."

"Ba huji ba ne, Baba, taga ce. Ofin ruf ake ce mata. Akwai maɓalli kusa da fitilar sama, in ka danna sai ta buɗe."

"In ta buɗe sai a yi me?"

"Sai ka sha iska."

"Tagogi huɗun ba su isa ba?"

Adnan ya yi dariya, ya ce ai manyan motoci ne ke da ita. Kailani ya ce madalla, ya mayar da murfin.

A bazarar wannan shekara ce Hajo ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Aka kai ta asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka daina jin magana, bakin ma ya tafi da su. Matar da take cika gida da murya ta dawo da kalmomi 'yan kaɗan, waɗanda sai ta yi da gaske suke fitowa ɗaya ɗaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta maza suna nesa. 'Yarta Bahijja, malamar firamare, ita ce ta dawo gidan take kula da ita. Likita ya ce a riƙa kawo ta gashin ƙashi duk ranar Talata. Babu wanda ya tambayi Kailani ko zai kai ta, shi ma bai ce zai kai ta ba. Ranar Talatar farko dai aka ji motarsa a ƙofar gida.

Motar tana da tsayi, Hajo kuma tana da jiki. Shigar da ita da fitar da ita aiki ne. Sai Kailani ya kama ta ta hammata, Bahijja ta kama ƙafafu, a ɗaga ta kamar buhu. Duk lokacin da ake yin haka Hajo rufe ido take yi, ba ta buɗewa sai an ajiye ta. Kailani yana ganin haka, yana kuma yin kamar bai gani ba.

Wata Talata suna dawowa, cunkoso ya riƙe su a Kwangila. Rana ta take, iska ba ta motsi, hayaƙin manyan motoci na shigowa ta taga. Hajo tana kujerar gaba, gumi ya jiƙa mata mayafi. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

"Iska," ta ce.

Tagogin duk a sauke suke. Na'urar sanyin motar kuwa tun a Fatakwal ba ta aiki, duk da sana'ar wanda ya aiko ta. Kailani ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya ɗaga kai. Ya ture murfin, ya danna maɓallin. Gilashin ya ɗaga kaɗan, ya zame baya a hankali ba ko ƙara, ya shige cikin rufin. Zafin da ya taru a ciki ya samu hanya. Hajo ta jingina kai tana kallon sama. Bahijja daga baya ta ce, "Kawu, ashe motar taka 'yar gayu ce."

Da suka isa Gyallesu aka shigar da Hajo gida, Kailani ya dawo ya danna maɓallin ta ɗaya gefen. Wani abu ya yi ƙas-ƙas-ƙas a cikin rufin. Gilashin ya leƙo kamar faɗin yatsa biyu, ya karkace, ya tsaya. Ya sake dannawa, aka sake yi masa ƙas-ƙas. Ya kashe motar ya tayar, ko za ta manta. Ba ta manta ba.

A makon ne aka yi ruwan farko.

Wurin Mika'ilu mai wayarin ya fara zuwa. Mika'ilu ya duba fis, ya duba waya, ya kunna ɗan ƙwan gwajinsa, ya ce wuta tana zuwa lafiya lau, aikin ne kawai ba a yi, wannan kuwa ba ɓangarensa ba ne. Duk da haka ya hau saman motar ya tura gilashin da tafin hannu biyu don taimako. Gilashin ya ƙara karkacewa. Mika'ilu ya sauko ya ce a kai wa mai gilashi. Mai gilashi ya ce gilashin ba abin da ya same shi, a kai wa makanike. Makanike ya ce shi daga sitiyari zuwa ƙasa yake aiki.

Kailani ya koma ga abin da hannunsa zai iya. Ya rufe wurin da baƙar leda ya liƙe da salatif, iska ta tafi da ita kafin ya kai Hanwa. Ya ari babban farantin Ishatu, wanda take raba abincin salla da shi, ya kifa a kai ya ɗaure da roba. Farantin ya tare ruwa daidai gwargwado, sai dai duk ramin da motar ta shiga sai ya amsa, har yara suka san zuwan Kailani tun bai shawo kwana ba. Da aka yi suna a maƙwabta Ishatu ta fito ta kwance kayanta, ta duba lotsawar da ya yi, ta kalli Kailani, ta shige ciki. Ya koma ga tamfol, ya ɗaure da igiya ta cikin ƙofofi. Ruwan ya gano igiyar, ya riƙa bin ta yana ɗiga daidai kafaɗarsa ta hagu.

Mutumin da bai taɓa damuwa da sama ba ya zama ba abin da yake kallo sai ita. Yana zaune a benci ana hira, idonsa na gabas. Da hadari ya haɗo sai ya tashi ba sallama, ya tayar da mota ya nufi rumfar wani gidan mai, ya fake har a ɗauke. Kujerun suka fara warin danshi. Wata safiya ya tarar da ƙwayar dawa ta tsiro a ƙarƙashin kujerar baya, har ta yi ganye biyu. Abokan zamansa suka sa wa motar suna mai tsakar gida. Hajiya Sumaiya mai ƙwai, wadda ta yi shekaru ba ta yarda da kowane direba sai shi, ruwa ya kama su a hanya wata rana, ta isa shagonta da jiƙaƙƙen ɗankwali tana riƙe da laima a cikin mota. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce ya gaida gida, ba ta sake kira ba.

Isiyaku mai walda ne ya kawo maganar da ta kwanta masa a rai. Ya auna wurin da taƙin hannu, ya ce, "Baba Kailani, wannan ai ba abin wahala ba ne. A cire gilashin, in yanko fallen ƙarfe in ɗora, in bi shi da wuta, a shafa fenti. Ko jikokinka ba za su san an taɓa yin taga a nan ba."

Suka tsayar da Laraba. Ranar Talata, a hanyar asibiti, Kailani ya ga ya kamata ya ba yayarsa labari mai daɗi. An kwana biyu ba ruwa, ya cire tamfol, sama a buɗe.

"Yaya, gobe za a toshe wannan ramin. Mun huta."

Hajo ta juyo da kai.

"A'a," ta ce.

"Walda za a yi masa. Ruwa yana…"

Ta ɗaga hannun hagu ta bugi gaban motar. "A'a."

Ya dubi Bahijja ta madubi. Bahijja tana duba wayarta da kyau. Ya ce to.

Duk ranar yana juya abin a ransa, har ya samo masa bayani. Matar nan watanni ke nan tana kwance a ɗaki, ba abin da take gani sai silin. Rana ɗaya tak a mako take fita, a ranar ne take jingina kai ta ga gajimare da shirwa da saman bishiyoyi. Ya tuna ita ce take nuna masa taurari yana yaro, ko da yake da ya ƙara tunani bai tabbata ta taɓa yin hakan ba. Abin ya taɓa shi. Ya faɗa wa Ishatu, ta ce Allah sarki. Ya faɗa a benci, wani ya ce Allah ya ba ta lafiya, kwana biyu ba wanda ya ce mai tsakar gida. Ya je ya ba Isiyaku haƙuri. Yanzu abin da yake nema ya ƙaru: taga mai rufuwa ran Laraba, mai buɗuwa ran Talata.

Ejike mai gyaran injin fotokwafi ne, yana da ɗan shago a bakin titi. A Tudun Wada aka haife shi, a nan ya yi furfura, Hausarsa ba ta da maraba da ta Kailani. Sun daɗe tare, Kailani ke yi masa dako, saboda injinansa ba sa son girgiza. Wata rana sun ɗauko inji daga wata makaranta, Ejike yana gaba, ya riƙa ɗaga kai yana leƙen bakin ramin.

"Malam Kailani, danna in ji."

Kailani ya danna. Ƙas-ƙas-ƙas.

"Ban taɓa gyara irin wannan ba," in ji Ejike. "Amma wannan kukan na san shi. Duk abin da ke tafiya a kan dogo, waya tana jan shi, in ya yi haka haƙori ya cinye. Kawo ta ran Asabar. In na ɓata, ka ga da ma a ɓace take."

Ran Asabar da hantsi Ejike ya shimfiɗa tsohon zani a kan kujerun, ya sa tabarau, ya ɓalle fitilar sama da bakin sukundireba. A bayanta akwai wani ɗan inji da bai kai dunƙulen hannu ba. Ya kwance shi, ya nuna wa Kailani wani ƙaramin gare na roba wanda haƙoransa suka cinye ta gefe ɗaya. Ya ce gilashin ne ya yi nauyi, injin ya yi ta ja har ya ci kansa. Ya hau kan benci da tsohon burushin haƙori da ɗan fetur a gwangwani, ya fara wanke hanyoyi biyun da gilashin ke bi. Abin da ya fito ya cika murfin kwano: yashi, dusa, busasshen giris da ya zama kamar ƙanzo, da wasu siraran ganyaye masu kama da allura, na wata bishiya da ba ta ƙasar nan. Kailani ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ce ashe da guzurinta ta zo.

Ejike ya daidaita gilashin, ya shafa sabon giris, ya mayar da injin. Ya nuna wani ɗan rami mai kusurwa shida a cikinsa, ya ce masu motar sun san ranar irin wannan za ta zo. Ya zura lanƙwasasshen makulli a ramin ya fara murzawa da hannu. Gilashin ya motsa. Ya taho a hankali, ya wuce rabi, Kailani ya miƙe tsaye. Sai ya cije ta gefen fasinja.

Ejike ya koma da shi baya, ya sake tahowa da shi, ya sake cijewa a wuri ɗaya. Ya bi wurin da yatsa, ya haska da fitilar waya.

"Wa yake rataya a nan?"

"Rataya?"

"Duba. Ƙarfen ya lanƙwaso ƙasa, fentin ya goge. Wannan ba tsufa ba ne, hannu ne, kuma ba sau ɗaya ba. Zan iya miƙar da shi. Amma in mai ratayar bai daina ba, aikin banza za mu yi."

Kailani ya ce 'yan dako ne, sukan shiga su fake wa rana. Ejike ya ce 'yan dako ba sa sa lalle, ya nuna masa wani ɗan ja-ja a jikin yadin silin, daidai inda babban yatsa zai dafa. Suka bar aikin a nan. Kailani ya mayar da tamfol.

Ran Talata, da suka tsaya a ƙofar asibiti, ya fita kamar kullum don ya sauko da keken guragun da ake tura Hajo a kai daga baya. Aikin yakan ɗauke shi lokaci, don ɗaure keken yake yi kamar firiji. Kwanan nan idan ya turo shi yakan tarar Bahijja ta riga ta juyo da uwarta bakin ƙofa, ƙafafu a waje, bai kuma taɓa tambayar yadda ta iya ita kaɗai ba. A ranar sai ya bar igiyar, ya tsaya yana kallo ta gilashin baya.

Bahijja ta buɗe ƙofa ta ja da baya, ta harɗe hannu. Hajo ta ɗaga hannun hagu, ta laluba bakin ramin, ta damƙe. Ta ja numfashi. Ta ɗago jikinta daga kujera, ta juya ƙugu, ta zauna. Ta sake ɗagowa, ta sake juyawa. Ta saki, ta sa hannun a ƙarƙashin gwiwar dama ta fitar da ƙafar waje, ta bi ta da ta hagu. Sannan ta gyara mayafi. Idonta a buɗe yake tun daga farko har ƙarshe, kuma ko sau ɗaya ba ta kalli gajimare ba.

Ta juyo ta gan shi.

"Me?" ta ce.

"Ba komai, Yaya. Igiya ce ta cije."

Da aka shigar da ita ɗakin gashi, ya zauna da Bahijja a benci. Ta ce tun mako na biyu da buɗewar tagar Inna ta gano abin. A gida ba abin da za ta kama, bango sumul yake, sandar da aka saya mata zamewa take yi, ko zama a bakin gado sai an ɗaga ta. Nan ne kawai take tayar da kanta.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ta hana, Kawu. Ta ce za ka ce za ta faɗi."

Abin da Kailani zai ce ke nan kuwa. Can ya tuna labarin gajimaren da ya bayar a benci, da yadda ya sassauta murya wajen ba da shi. Ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

Daga asibiti wurin Isiyaku ya wuce. Ya ce masa maganar falle ta mutu, yanzu mariƙi yake so, mai ƙarfi, wanda mai hannun hagu zai kama daga kujerar fasinja. Isiyaku ya ce sai an gwada da mutum. Aka ɗauko Ishatu, don tsayinsu ɗaya da Hajo. Ta zauna a gaba, aka ce ta ajiye hannun dama a cinya ta manta da shi. Isiyaku ya riƙe bututun ƙarfe nan, ya riƙe can, tana kamawa tana ɗagowa. Ta ce shekara nawa tana gidan Kailani bai taɓa zagayawa da ita a mota ba sai yau da ake neman wadda za a gwada ƙarfe da ita. Kailani ya ce a ɗan ƙara sama.

Isiyaku ya lanƙwasa bututun kamar kan sanda, ya kafa gindinsa a ƙasan motar tsakanin kujerun biyu, ya ɗaure da noti manya, ya naɗe wurin kamawa da robar tayar keke. Ya rataya a jiki da duk nauyinsa, motar ta girgiza, ƙarfen bai motsa ba.

Asabar ta gaba Ejike ya miƙar da bakin da ya lanƙwashe, da filaya da ɗan katako. Garen roba dai an nema har Kaduna ba a samu ba, ya ce a haƙura da maɓalli. Ya miƙa wa Kailani makullin ya ce shi ya murza. Kailani ya murza. Gilashin ya taho, ya wuce inda yake cijewa, ya kai gaba, ya ɗago ya zauna daidai da rufin. Hayaniyar titi ta ragu a cikin motar. Ejike ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa a sama, su biyu suka zura kai ciki suna jira. Ba abin da ya ɗigo.

"Makullin naka ne," in ji Ejike. "In za ka buɗe, ka tsaya tukuna. Kada ka murza kana tuƙi."

Kailani ya ce ba ya jin zai buɗe.

Talata ta zo da yayyafi. Aka ɗaga Hajo aka shigar da ita kamar yadda aka saba, ta buɗe ido, ta ga sama a rufe. Fuskarta ta canza. Kafin ta tattaro kalma, Kailani ya ɗan bubbuga sabon ƙarfen da yatsa, ya tayar da mota. Duk hanya tana kallon abin ta gefen ido. Ta taɓa robar, ta girgiza shi, ta saki. A ƙofar asibiti ya fita ya tafi wurin keke, ya daɗe yana kwance igiyar da ba ta cije ba. Da ya turo keken ya same ta a bakin ƙofa, ƙafafu a waje.

"Ya yi ƙasa," ta ce.

"Za a ɗaga."

Bakinta ya ci gaba da motsi. Suka jira, yayyafi na sauka a kan keken.

"A yi min," ta ce. Ta huta. "A ɗaki."

Tun faɗuwarta ba ta haɗa magana mai tsawon wannan ba. Bahijja ta juya baya tana gyara jakar da ba abin da ya same ta.

A makon Isiyaku ya shiga Gyallesu da injin walda a bayan motar Kailani. Ya kafa ƙarfe ɗaya a gefen gado, ɗaya a banɗaki, ya ja dogo a jikin bango daga ƙofar ɗaki zuwa inda randa take. Hajo tana zaune a kujera tana nuna masa da sanda inda ya karkace, kuma sau biyu tana da gaskiya. Kafin damina ta ƙare ta fara tashi ta yi alwala ba ta kira kowa ba. Maganar ma tana dawowa kaɗan kaɗan, yawancinta gyara ne ga aikin mutane. Hannun dama bai dawo ba, likita ya ce kada a sa rai sosai. Maƙwabta da suka zo dubiya suka ga ƙarafan, wasu masu tsofaffi a gida suka tambayi wanda ya yi, Isiyaku ya samu wani sabon layin aiki da bai nema ba.

Da kaka, wata ranar Alhamis, Kailani yana bakin kasuwa ana loda masa buhunan albasa, wayarsa ta yi ƙara. Bahijja ce. Ta ce ta dawo daga makaranta ba ta tarar da Inna a gida ba, hankalinta ya tashi, ashe tana gida na uku a layin, an yi haihuwa ta je barka. Da sanda ta tafi, tana dafa bango. Yanzu haka tana can zaune a kan kujera, an ba ta jaririyar a cinya, ta ce an cika mata kaya da wannan zafi.

"To, madalla," in ji Kailani. "Kada ki ɗauko ta. Ki bari ta ce za ta dawo."

Ya mayar da wayar aljihu. Mai albasar yana tsaye yana ƙorafin buhun ƙarshe bai zauna daidai ba. Kailani ya zagaya ya duba, ya ga haka ne, ya ce a sauke a sake ɗorawa.